Takardar da Yayana Bai Yarda da Ita Ba

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar yayana ta zo wata Talata tsakanin azahar da la'asar, a gidansa na Faskari, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Kafin magariba an kai shi makwancinsa. Ni ne ƙanensa mai bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ni aka zaunar a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa. Ina rubuta wannan ne domin 'ya'yansa sun san shi a gida, amma ba su san shi a bakin aikinsa ba, kuma in na tafi babu mai faɗa musu.

Masu gaisuwa kashi uku ne. Kashi na farko dangi, waɗanda suka taso daga Ƙanƙara inda aka haife mu. Babbar yayarmu, wadda ta goya shi yana jariri, ba ta yi kuka ba. Ta dai tambaya ko an ba shi ruwa kafin ya cika, aka ce an ba shi. Jim kaɗan ta sake tambaya.

Kashi na biyu mutanen gari da abokan hulɗa. Yayana mai hoto ne, ya haura shekara talatin yana ɗauka yana wankewa. Wani dattijo daga Mairuwa ya shafa addu'a, ya cire hularsa, ya zaro ɗan hoton fasfo daga naɗin hular ya miƙo mini. Ya ce Malam, yadda suke kiran yayana, shi ne ya yi masa shi shekarar da ya aurar da ɗiyarsa ta biyu, ga zufa ga ruwan sama, amma har yau ko gashin gemu ɗaya bai goge ba. Limamin unguwa, wanda suka daɗe suna jayayya da marigayi a kan hukuncin hoto, ya ce shi bai sauka daga ra'ayinsa ba, amma da zai tafi aikin Hajji wurin Malam ya je, Malam kuwa ya zaunar da shi sau huɗu wai rawaninsa ya karkace. Aka ɗan yi dariya.

Kashi na uku ban san su ba. Mutanen ƙauye ne da suka daɗe a gari ba da son ransu ba. Suna addu'a kamar kowa, amma ba sa tashi. Sai da jama'a ta ragu ɗaya daga cikinsu ya matso ya ce a hankali, an ce Malam ya bar wani gwangwani. Na ce ya bari. Ya ce hotunansu na ciki, sun kawo gyara. Na san suna ciki. Na kuma san ba a gyara ko ɗaya ba, kuma ba za su gyaru ba. Na ce su yi haƙuri a yi bakwai.

Kafin in zo kan gwangwanin, sai na fara faɗin yadda yake da takarda, in ba haka ba ba za a gane nauyin abin ba.

Da fim ya fara, da ruwan magani a ɗakin duhu. Da zamani ya juya ya sayi kwamfuta da firinta mai fesa tawada. Mutane suna zaton firinta ce ke yin hoto. Shi ya ce firinta feshi kawai ta iya, mai karɓa ita ce takarda. Takardar hoto tana da wani shafi a fuska ɗaya, siriri, ido ba ya raba shi da takardar. Shi yana kiransa fata. Ya ce fatar kirki iri biyu ce. Ta farko kamar farin alli ce da aka niƙa lilis aka dama da ƙaro. Tana da ƙananan ƙofofi, tana shanye tawada nan take, hoto ya fito a bushe. Aibinta, ƙofofin ba sa rufewa, yadda suka sha tawada haka za su sha hayaƙi da iska. Ta biyu kamar ƙaro ce zalla. Da tawada ta taɓa ta sai ta kumbura ta haɗiye launin ta rufe a kansa. Tana riƙon launi, amma ba ta saurin bushewa, kuma da damina in aka haɗa hoto biyu fuska da fuska sai su manne. Akwai ta uku, wadda ba ya lissafa ta cikin fata: shafin da aka yi wa rowa, ga sheƙi a ido, ba komai a ciki.

Duk kwalin takarda da aka kawo masa daga Kano ta Funtua, abu uku yake yi masa, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Na ɗaya, ya lashi ɗan yatsa ya dangwala a kusurwa. Fuskar da ta kama yatsa ita ce mai fata, kuma daga yadda ta kama yake gane kaurinta. Na biyu, ya buga hoto guda ya ɗiga masa ruwa, ya ga ko launi zai bi ruwan. Na uku, ya sake buga wani ya kafe shi da ƙusa a bangon shago ta waje, gefen da rana ke duka, ya rubuta sunan watan da ake ciki a bayansa. Hoton gwajin nan kullum fuskarsa ce, domin ya ce ba zai ba rana fuskar wani ta ci ba. Shi ya sa bangon ya cika da shi, layi-layi, wannan ya koma kore, wannan ruwan ƙasa, wancan saura hula kawai.

Akwai wani mahauci abokin wasansa da ba ya wucewa bai tanka ba.

"Malam, yau kuma wanne ya rasu a cikinku?"

"Na uku daga hagu. Ka yi mashi addu'a, ya fi tsirenka jure rana."

Yayana ba ya ba mutum hoto sai ya tabbata ya bushe, ko da motar mutumin na shirin tashi. Ba ya riƙe hoto sai ta gefe, kuma wanda ya ɗora masa babban yatsa a kan fuska zai ji faɗa, ko Alhaji ne ko waye.

Ranar addu'ar uku matarsa ta ba ni labarin wata rigima da suka taɓa yi, tana nuna mini bango da haɓa. Hoton mahaifinta ne ta rataye a ɗaki, ita kuwa ba ta rabo da turaren wuta. Wata rana ya shigo ya tarar hayaƙi na tashi daidai ƙarƙashin hoton. Ya sauke shi ya sa a ƙasan akwatinta. Ta ce masa shekara nawa tana turara masa ɗaki bai taɓa cewa ya ji ƙamshi ba, sai yau da takarda ta shaƙa. Kwana uku ba ta yi masa magana ba. A rana ta huɗu ya dawo da hoton cikin gilashi, ya liƙe bayansa ruf yadda iska ba za ta shiga ba, ya rataye da hannunsa, ya ce ta ci gaba da turarenta. Hoton yana nan har yanzu, tsohon kamar zai yi magana.

Yanzu na zo kan shekarar da abin ya faru.

Shekarar ce hanyoyinmu suka fi lalacewa da 'yan bindiga. Motar Funtua sai ta yi kwanaki ba ta zo ba. Takardarsa ta ƙare. Wani direba ya taimaka ya kawo masa kwali biyu, kwalin irin wanda ya saba, abin ciki daban. Ina wurin, na zo daga Ƙanƙara duba shi. Ya lashi yatsa ya dangwala, na ga ya ɓata rai. Ya buga guda ya ɗiga ruwa, launi ya biyo ruwan har kan tebur. Ya ce ko hoton akuya ba zai buga a kan wannan ba. Ya tura kwalayen ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Kwana huɗu bayan haka mutanen wani ƙauye ta wajen Damari, a ƙasar Sabuwa, suka iso Faskari, wasu a ƙafa, wasu a bayan babura, ba su fito da komai ba sai abin da ke jikinsu. Aka sauke su a wata makarantar firamare. Masu rabon tallafi suka ce sai da hoton fasfo za a rubuta mutum. Ban da wannan, mazan ba zama za su yi ba. Wasu za su koma a sace su ciro abin da suka noma, wasu za su nausa Kaduna ko Kano neman abin yi. Don haka kowace mace tana son a ɗauke ta da nata kafin a watse.

Yayana ya ɗauki kyamara ya tafi. Ya rataya shuɗin ƙyalle a bangon aji, ya yi yini biyu yana ɗauka. Da ya dawo shago ya zauna yana kallon ƙarƙashin tebur. Na ce masa ya jira takardar kirki, tunda ya san halin wannan.

Ya ce, "Su jira mi? Jibi rabinsu ba su nan."

Ya jawo kwalin ya buga. Ni na taya shi jerawa. Ga kowane mutum da ya miƙa wa, ya ce masa takardar nan ba ta da kyau, amma asalin hoton yana cikin kwamfuta, in hanya ta buɗe a dawo ya sake bugawa a kan mai kyau. Bai tara su ya faɗa sau ɗaya ba. Ɗaya bayan ɗaya ya faɗa, har muryarsa ta dushe.

Katin kyamararsa guda ɗaya ne, yana kwashe abin ciki zuwa kwamfuta ya goge ya sake aiki da shi. Da damina ta zagayo, iska ta yaye kwanon shagon da rana tsaka yana masallaci, ruwa ya sauka a kan kwamfutar tana kunne. Ya kai ta Funtua, ya kai ta Kano har sau biyu. Duk inda ya je maganar ɗaya ce, abin da ke ciki ya tafi. Abin da ya fi ci masa rai, takardar kirki ta riga ta iso wata uku kafin ruwan. Ya ce ya bari ne sai kowa ya zo da kansa, don kada ya buga wa wanda ba zai dawo ba. Wata ukun nan ya riƙa ambata har ya kwanta ciwo.

Sai suka fara dawowa. Na ga hotunan da idona. Baƙi ne ke fara komawa ruwan ƙasa, sannan kumatu su dushe, sannan baki, a ƙarshe idanu su rage kamar ɗigo biyu a kan shuɗin ƙyallen da shi ma ya koma toka. Kuma ba wanda ya dawo da hoto don kansa. Duk wanda ya dawo, to wanda ke cikin hoton ne babu: wannan an harbe shi a gona, wannan an tafi da shi daji ba labari, wannan ya tafi Kano shiru. Wayoyin da wasu ke da hotuna a ciki, an ƙwace su tun ranar gudu.

Yayana, wanda bai taɓa ɓoye wa kowa aibin takarda ba, ya kasa faɗa musu. Sai ya karɓi hoto ta gefe, ya naɗe shi a farar takarda mai tsabta, ya rubuta a kai, uwar wane ko matar wane, ya sa a wani babban gwangwanin biskit, ya ce a bar shi nan yana dubawa. Iyakar sanina da shi, wannan ce maganarsa guda da ba gaskiya ba.

Ban yi shiru ba. Na ce masa abu biyu: na ɗaya, yana riƙe da amanar mutane a kan abin da ya san ba zai yiwu ba, na biyu, kullum suna tako ƙafa suna komawa da sa rai, wannan kuwa zalunci ne ko da da tausayi aka yi shi. Ya ce a cikin gwangwani dai babu rana babu hayaƙi, in ya mayar musu za su rataye a ɗaki ne abin ya ƙarasa. Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya ce shi aiki ya iya, aikin kuwa ya ƙare a hannunsa, faɗa kuma bai iya ba. Na tashi na koma Ƙanƙara. Wata biyu ban taka gidansa ba. Ina ganin gaskiyata har yau, amma da za a mayar mini da wata biyun nan da na zauna kusa da shi.

Matarsa ta ce a kwanakin nan kullum bayan sallar asuba, in gari ya waye sosai, yakan buɗe gwangwanin da gilashin ƙara girma da wani siririn buroshi, yana ƙoƙarin mayar da gira ko gefen hanci da tawada. Fatar ba ta karɓa. Sai tawadar ta tsaya a sama ta yi ɗigo, ya tsane ta da auduga, ya naɗe, ya mayar. Da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka ajiye gwangwanin a wajen kansa. Na zo a rana ta shida. Ya ɗora hannuna a kan murfin ya ce, "Kai ka iya faɗa. Ka faɗa masu." Ba mu ƙara wata magana mai tsawo ba.

Bayan addu'ar bakwai na zauna a zauren gidansa na kira su ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin sunayen da ya rubuta a kan naɗin hotunan. Ga kowa na faɗi abu uku: takardar ba ta da kyau, asalin ya ɓace, gyara ba zai yiwu ba. Wani ya karɓa ya sa a aljihu bai buɗe ba. Wata ta buɗe ta ce Allah Ya jiƙan Malam, ya yi iya yinsa. Wani magidanci ya ce to me ya sa aka riƙe shi shekara guda da rabi yana zarya. Na ba shi haƙuri, bai karɓa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ta ƙarshe a jerin wata tsohuwa ce, ta girme ni nesa. Hoton ɗanta ne, wanda ya koma ciro dawa bai dawo ba. Nata ya ɗan fi na sauran, ana ganin goshi da gefen fuska ɗaya. Saboda haka na roƙe ta ta ƙara mini mako guda, domin an ce mini akwai mai shagon kwamfuta a Funtua da ke dawo da fuskar da ta dushe. Na tafi da kaina. Mutumin ya yi aikinsa tsakani da Allah, ya kuma faɗa mini gaskiya, cewa inda babu komai injin ne ke cikewa da abin da ya ga ya dace. Ya buga mini a kan takarda mai kyau, sai da na lashi yatsa na dangwala kafin in yarda. Fuska ta fito tsaf, saurayi mai kyau, har da hasken ido.

Ta zo da hantsi. Na shimfiɗa mata tabarma a zaure na miƙa mata sabon. Ta riƙe shi da nisa, ta kawo shi kusa, ta daɗe.

Ta ce, "Malam, wannan ɗan wasu ne. Allah Ya raya masu shi."

Na tambaye ta ina ne bai yi daidai ba, ko hanci ko baki, in koma a gyara. Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Yaron ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo ba, kakarsa ce ta raine shi. In ya shigo gaishe ta, gefe take dubawa. Ta san tafiyarsa, ta san tarinsa daga bayan danga, amma fuska sai dai abin da ta sata da wutsiyar ido. Matarsa ce ta san fuskar, ita kuwa ta koma wajen danginta ta can Kaduna. Ranar da yayana ya miƙa mata hoton nan a makaranta, ranar ta fara kallonsa ido da ido.

Ta ajiye sabon a kan tabarma ta ce in ba ta nata. Na ba ta. Ta tambayi yadda za ta yi ya daɗe. Na faɗa mata abin da na koya: ta bar shi a naɗe, ta sa a ƙasan akwati inda babu haske babu hayaƙi, kada ta riƙa buɗewa, ko da sau ɗaya a shekara ya isa.

Ta ce, "In kuma kullum nike dubawa fa?"

Na ce wanda zai iya ba ta amsa daidai shi ne muka kai makwanci. Ni dai a ganina shekara ɗaya, in ya yi nisa biyu.

Ta ce, "To, ni ma ba ni jin zan wuce haka."

Ta warware farar takardar, ta matsa bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ta ɗora hoton a tafin hannunta tana kallo. Na buɗe baki zan ce ta koma inuwa, na rufe.

Ya Allah, Ka san abin da yayana ya nufa ranar da ya jawo kwalin nan, Ka kuma san abin da ya gagare shi. Ka yafe masa maganar da ya kasa faɗa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa tsohuwar nan da ɗanta a inda za ta dube shi ba kunya ba gaggawa. Amin.